Filin Tambayi Anti: Wai haihuwarmu ce ta sa ruwa ke cin Accra?

TAMBAYA

Salam Anti, dan Allah shawara nake nema. Ni matar aure ce a unguwar Nima da ke Accra, yarana huɗu, ƙaramin ko yaye shi ban yi ba, maigidana direban trotro ne, wato motar haya, ɗaki ɗaya muke ciki da ɗan baranda. Ƙanena da ke karatu a jami'ar Legon duk sanda ya zo sai ya ce mu mutanen zango mun cika haihuwa, wai yawan mutane ne ya sa ruwa ke cin Accra duk damina, duniya ma ta kusa kasa ɗaukarmu. Uwar mijina kuma ta ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, kar in kuskura in je asibiti neman maganin hutu. Ni kam wallahi na gaji, jikina ba kamar da ba. Wa ke da gaskiya cikinsu, kuma in na huta na yi laifi?

Maman yara, Nima

AMSA

Wa'alaikumus salam ƙanwata, sannu da ɗawainiya, Allah ya raya mana su.

Toh ɗan Legon dai a wajen lissafi bai yi ƙarya ba, mun yi yawa. Ƙidayar 1960 mutanen Ghana miliyan 6.7 ne, ta 2021 kuwa miliyan 30.8, kuma yankin Greater Accra da ya fi kowane yanki ƙanƙanta a fili shi ya fi kowanne mutane, sama da miliyan 5.4. Duniya gaba ɗaya ta cika biliyan 8 a Nuwamban 2022. Ke ma ai ba sai an kawo miki takarda ba, kina ganin layin bayan gidan haya da asuba kowa riƙe da buta yana rawa da ƙafa, ga masu gida suna neman kuɗin hayar shekara biyu a dunƙule kan ɗakin da ko taga mai kyau babu.

Amma zancen wai cikin matan zango ne ke kawo ambaliya, a nan na rabu da shi. Ki ce ya je ya tsaya bakin babbar gota ta tsakanin Nima da Mamobi bayan an ɗauke ruwa ya faɗa miki abin da ya gani yana yawo, ledar piya wata ce da robobin lemo da kwanon takeaway har tsohuwar katifa, domin akwai masu jira hadari ya haɗu cikin dare su juye bolarsu a ciki don kar su biya mai aboboya, keken nan mai ƙafa uku da ke kwasar bola, duk wannan ya gangara kogin Odaw ya je ya toshe tafkin Korle, sai ruwa ya rasa hanya ya dawo ɗakunan mutane. Ran 3 ga Yuni 2015 da ruwa da wuta suka haɗu a gidan mai na Circle mutum sama da 150 suka rasu, Allah ya jiƙansu, kuma abin da aka yi ta magana a kai bayan nan shi ne toshewar magudanai da gini kan hanyar ruwa. Masu cike fadamar Sakumono da ƙasa suna dasa manyan gidaje ba masu ɗaki ɗaya da baranda ba ne. Kogunan Pra da Offin da Ankobra da suka koma kalar koko, injinan galamsey ne, wato masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, suka yi musu haka. Ko hayaƙin da ke ɗumama duniya, Afirka duk yawanmu abin da muke fitarwa bai kai kashi 4 cikin 100 ba. Sannan cikar Accra ba haihuwa kaɗai ba ce, kullum motoci na sauke 'yan ci-rani da 'yan mata masu kayaye, wato dakon kaya a ka, daga arewa saboda can babu aikin yi. Yawan mutane yana ƙara wa matsala nauyi, wannan gaskiya ne, amma rashin tsari da son kai su suka fi yi mana ɓarna.

Kuma bai gaya miki haihuwar ma tana raguwa da kanta ba. A 1988 macen Ghana kan haifi yara 6.4 in an yi matsakaicin lissafi, a 2022 ya sauko 3.9, ba tare da wata doka ta tilasta kowa ba. China da ta yi dokar ɗa ɗaya shekara da shekaru ta soke ta a 2015, a 2021 ta ce a haifi uku, yanzu lallashin mutane ake su haihu sun ƙi. Shiyasa ni ba na goyon bayan gwamnati ko wani ɗan boko ya yanka wa mutane adadi.

Sai Hajiya, uwar mijinki. Kar ki yi musu da ita, arziki na Allah ne, kuma Alƙur'ani ya hana kashe 'ya'ya don tsoron talauci. Sai dai hutu tsakanin haihuwa ba kisa ba ne. Alƙur'anin nan dai shi ya ambaci shekara biyu cur na shayarwa a Baƙara, kuma Jabir ya ruwaito cewa sahabbai suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje don kar ciki ya shiga, a lokacin da wahayi ke sauka. Majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ta zauna a Kuwait a 1988 ta ce bai halatta a kafa dokar ƙayyade haihuwa ba, bai halatta a kashe haihuwa gaba ɗaya ba sai da lalura, amma miji da mata in sun yi shawara sun yarda za su iya ba da tazara na wani lokaci, in dai ba cutarwa kuma ba zubar da cikin da ya riga ya shiga ba ne. Ita kanta Hajiya ai ta sani, a zamaninsu macen da ta yi kwanika gori ake mata a gidan suna, mai jego kuwa gidan iyayenta ake kai ta ta daɗe. Likitoci ma abin da suke cewa kenan, a bari aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin. Toh kinga ba ki yi laifi ba.

Wanda ya kamata ki shawo kansa maigida ne, kuma kar ki yi a ɓoye, abin ɓoye in ya fito ya fi zafi. Ba lokacin da ya shigo a gajiye ya gama kai wa mai mota kuɗin yini ba, ki bari ran da ya huta ya ci ya ƙoshi, ki fara da zancen lafiyarki ba zancen kuɗi ba, maza da yawa in aka ce kuɗi sai su ji kamar an ce sun gaza. In da malamin da yake jin maganarsa ku je tare. Hajiya kuma ɗanta ne zai san yadda zai yi da ita, ba ke ba.

Ran da kika kai yaro awo ki samu nas ki ce kina son bayanin tazarar haihuwa. Akwai ƙwaya, akwai allurar wata uku, akwai ashanar hannu mai shekaru, akwai robar mahaifa, kowanne da halinsa, wata al'adarta kan rikice, allura kuma in an daina ciki kan ɗan yi jinkirin shiga, don haka ki faɗa mata kina shayarwa, in kina da hawan jini ma ki faɗa. Kar ki dogara da nono kaɗai, kariyarsa ta wata shida na farko ce, shi ma sai in nono zalla yaron ke sha kuma al'ada ba ta dawo ba. Maganin da ake tallarsa cikin mota ko a WhatsApp kuwa dan Allah ki rabu da shi. Gajiyar nan da kike ji ki ce su duba miki jini, haihuwa kusa-kusa tana jawo ƙarancinsa. Tun 2022 an saka allura da ashana da roba cikin abin da inshorar lafiya ta gwamnati, NHIS, ke biya, in katinki ya mutu ki danna *929# a waya ki sabunta kafin ki tafi.