Tambaya da Amsa: Wa Ke Riƙe da Linzamin 'Yan Sandan Yanki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina jin cewa a wasu ƙasashe 'yan sanda na ƙarƙashin hukumar yanki ne. To wa ke ba su umarni, kuma wa ke biyansu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Don a gane inda iko yake, a fara duba wanda ke naɗa shugaban runduna kuma yake iya sauke shi, sannan a bi sawun kuɗi.

A Ingila da Wales akwai rundunonin yanki 43. Dokar 2011 ta kawo kwamishina farar hula wanda jama'a ke zaɓa na shekara huɗu, aka yi zaɓen farko a Nuwamba 2012. A Landan kuwa magajin gari ne ke wannan aiki. Kwamishina ke tsara abin da za a sa a gaba, shi ke yanka kasafin kuɗi, shi ke naɗa shugaban runduna. Amma ba shi da bakin cewa a kama wane ko a saki wane, domin wannan hurumin shugaban runduna ne. A ganinmu wannan iyaka ita ce ƙashin bayan tsarin, don ranar da ɗan siyasa ya sami ikon kame, abokin hamayyarsa zai fara kwana a caji ofis. Shi kansa kwamishina akwai kwamitin kansiloli da ke sa masa ido, wanda ke iya hawa kujerar na-ƙi kan ƙarin haraji ko naɗin shugaban runduna, muddin kashi biyu cikin uku na mambobi sun yarda.

Kuɗi kuwa ta hanya biyu suke zuwa. Kaso mafi girma a jimlace daga gwamnatin tsakiya yake, saura kuma ɗan ƙari ne a kan harajin gidaje. Nan ake samun giɓi, domin yankin da ke da gidaje masu tsada yana tara fiye da yankin talakawa ko da ƙarin iri ɗaya ne. Jama'a ma ba su rungumi zaɓen ba: kusan kashi 15 cikin 100 ne kawai suka fito a 2012. A Nuwamba 2025 gwamnati ta sanar za ta soke muƙamin a 2028.

A Amurka hukumomin 'yan sanda sun kai kusan 18,000, kuma a yawancin gundumomi jama'a ke zaɓen "sheriff", wato shugaban 'yan sandan gunduma. Darasin da ya fi damunmu daga garin Ferguson na jihar Missouri yake. Rahoton Ma'aikatar Shari'a na Maris 2015 ya nuna hukumar garin ta dogara da kuɗin tara, har ana matsa wa 'yan sanda su ƙara yanka wa mutane takarda, kuma baƙaƙen fata ne suka fi jin jiki. Don haka idan kasafin yanki ya zo hannunka, nemi layin kuɗin tara, ka kwatanta shi da na shekaru ukun baya. In yana hawa alhali laifuffuka ba su ƙaru ba, akwai lauje cikin naɗi.

Tambaya: Idan ɗan sanda ya ci zarafin mutum, aka kai ƙorafi wajen abokan aikinsa, ba an ba kura ajiyar nama ba ke nan?

Amsa: Gaskiyarki, Hajiya. Shi ya sa Ireland ta Arewa ta buɗe ofishin mai bincike mai zaman kansa a 2000, wanda ƙorafin jama'a kan 'yan sanda ke zuwa gare shi kai tsaye. A Ingila hukumar binciken ƙorafi kan 'yan sanda da ta fara aiki a 2018 manyan lamura take ɗauka, kamar mutuwa a hannun jami'ai, mafi yawan saura kuma runduna ce ke duba kanta. Hukumar da ba ta da masu bincike nata, ko ba ta iya tilasta a miƙa mata takardu, shawara kawai take bayarwa.

Ga mai ƙorafi, a rubuta rana, lokaci da wuri tun abin yana sabo. A ɗauki lambar jami'in da ta motar sintiri, da sunayen shaidu. In akwai rauni, a je asibiti a ranar, a karɓi rahoton likita, a ɗauki hoto. A shigar da ƙorafi a rubuce, kada a bar wurin sai an karɓi lambar shaidar shigar da ƙorafin. A cikin takardar a nemi a adana hoton kyamarar da ke jikin jami'in, domin a Ingila wanda ba a ware a matsayin hujja ba akan goge shi cikin kusan wata guda. A kuma kula da wa'adin shigar da ƙorafi: a Ireland ta Arewa shekara ɗaya ce bisa ƙa'ida.