Kasuwar da ba ta da sarkin kasuwa

Yarona, ka tambaye ni: tunda Binance, babban kamfanin cinikin kirifto, ta daina karɓar naira, me ya hana mu koma kasuwannin kirifto da ba su da mai su, inda ba wanda zai rufe mu? Ka yi tunani, amma gefe ɗaya ka hango.

A Fabrairun 2021 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su rufe asusun masu hada-hadar kirifto, sai jama'a suka koma cinikin hannu da hannu da muke kira P2P. To amma na Binance yana da mai shi. Kamfanin ne ke riƙe USDT, kwandalar kirifto da aka ɗaure darajarta da dala, har mai saye ya biya, shi ne kuma ke raba gardama. Da aka tsare jami'ansa biyu a nan Abuja a Fabrairun 2024, kafin wata ya zagayo ya cire naira, 'yan kasuwa da yawa suka wayi gari ba wurin ciniki.

Irin wadda kake nufi daban ce. Bisq manhaja ce da ke aiki a kan kwamfutarka, mai saye da mai sayarwa kowa ya ajiye jinginar bitcoin, kuɗin ya zauna a kulle har ciniki ya faɗa. Uniswap kuwa, tun 2018, yarjejeniya ce mai aiki da kanta da aka rubuta a kan Ethereum, ɗaya daga cikin layukan da kirifto ke bi, ita ke musanya maka wannan kwandala da waccan ba hannun mutum. Ƙarfinsu na gaske ne: kuɗinka yana walat ɗinka, wato manhajar da kake ajiye kirifto, makullin yana wurinka. Waɗanda suka bar dukiyarsu a hannun kamfanin kirifto na FTX sun ɗanɗana kuɗarsu da ya durƙushe a Nuwamban 2022.

Sai dai kasuwa ce da babu sarkin kasuwa. Ba kamfanin da zai kore ka, ba kuma kamfanin da za ka kai wa ƙara. Ka tura kuɗi adireshin da ba shi ba, sun tafi ke nan. Ka ɓatar da kalmomin sirri goma sha biyu da su ne makullin walat, ko wani ya ɗauki hotonsu, magana ta ƙare. A Uniswap kowa na iya ƙirƙirar kwandala ya raɗa mata suna USDT, kuma ba mai hana ka saye. Ranar da layin Ethereum ya cunkushe, kuɗin turawa kaɗai sai ya lashe ribar ƙaramin ciniki. Dalilin da ya sa mutanenmu suka fi bin layin Tron ke nan.

Sannan kasuwa sai da jama'a. OpenBazaar ta fito sosai a 2016, kasuwar kaya ce, ba la'ada, ba mai ita, da bitcoin ake biya. Masu saye ba su cika ta ba, kuɗin kamfanin da ke ɗawainiya da ita ya ƙare, a farkon 2021 ya janye hannunsa. Manhaja tana iya riƙe kuɗi, amma ba ta san ko takalmin da aka aiko shi ne na cikin hoto ba.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne nairarmu a banki take. Komai rashin mai kasuwar, sai kuɗi ya shiga asusun wani, kuma nan ne haɗarin yake. Ɗan damfara zai sayi USDT a wurinka ya biya da kuɗin sata. Shi ya ɓace, kai kuma banki ya ɗaure asusunka, ka shiga zirga-zirgar bayani. Saboda haka in sunan mai biya bai yi daidai da na mai ciniki ba, mayar masa da kuɗinsa. Kada ka saki kaya don an turo maka hoton rasit ko saƙon alat. Buɗe asusun ka gani da idonka.

Damar tana daidai wannan gaɓar. Mai sayo kaya daga waje, matashin da ake biya da dala don aikin intanet, mai ɗan'uwa a Turai, dukansu suna buƙatar wanda zai mayar musu da USDT naira ba fargaba. Suna zuwa Zone 4, matattarar 'yan canji a Abuja, ne don sun san fuskar wanda za su kama in an sami matsala. Ribar kowane ciniki ƙarama ce, dawowar kwastoma ce ke tara ta. Doka ma ta motsa: Babban Banki ya sassauta a Disamban 2023, hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta ba kamfanonin kirifto Quidax da Busha amincewar farko a Agustan 2024, dokar zuba jari ta 2025 kuma ta sa kadarorin nan ƙarƙashin SEC. Ka riƙa rubuta kowane ciniki. Wanda ya zo maka da zancen ninka kuɗi a wata ɗaya, tuna masa da CBEX, dandalin da ya yi irin wannan alkawari, da ta rushe a Afrilun 2025. Batun halacci kuwa malamai sun saɓa, ka zauna da malaminka.

Makon nan ka buɗe sabon walat, ka rubuta kalmominsa a takarda, zan turo maka dala biyar. Goge manhajar, ka dawo da kuɗin da takardar kaɗai, sannan mu yi maganar Bisq.