Amsa: Kabarin Sutton Hoo da ba a ga gawa a ciki ba

Ka tambaya yadda aka yi masana suka ce jirgin ruwan da aka tono a Sutton Hoo, gabashin Ingila, kabari ne alhali ba a ga gawa ba. Kabari ne, ɗan'uwa. Ƙasar wurin rairayi ce mai tsami, ita ta cinye ƙasusuwan har da katakon jirgin. Abin da Basil Brown, mai tonon kayan tarihi, ya tarar a 1939 sawun jirgin ne a cikin yashi, tsawonsa mita 27, ƙusoshin ƙarfe na nan jere reras inda aka buga su. Daga baya gwajin ƙasa ya nuna sinadarin fosfet, irin wanda jiki ke bari in ya ruɓe.

Sai dai ka yi hattara da sunan mamacin. Ana kyautata zaton Raedwald ne, sarkin Gabashin Angliya, tsohuwar masarautar wannan yankin, da ya rasu wajen 624, amma tsabar zinariya 37 da aka samu a kabarin, daga yankin Faransa ta yau da kewayenta, zamani kawai suka nuna, ba suna ba. Ranar da na tsaya gaban kayan da aka tono daga kabarin a gidan tarihi na British Museum da ke Landan, kowa na kallon kwalkwalin yaƙin da ke cikinsu, ni kuwa babban farantin azurfar nan na Kustantiniya (Istanbul ta yau) ne ya riƙe ni, mai ɗauke da hatimin Anastasiyus, sarkin Rumawa.