Abin da ya sa muke kunna wuta tun jajibere

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce ba ka ga dalilin da zai sa a taso ka ran Juma'a da yamma don kawai ka kunna 'yar ƙaramar wuta a cikin injin jirgin ƙasa mai kwal da ba zai motsa ba sai Asabar da hantsi. Wai ka ga bidiyo a waya inda aka tayar da tururi cikin awa uku, me zai hana mu zo da asuba mu yi haka. Ka kuma ƙara da cewa tunda aikin sa kai kuke yi a wannan layin tsofaffin jiragen ƙasa na Ingila, ba biyan ku ake yi ba, ya kamata a tausaya wa lokacinku.

Da a loko na Zariya, wato rumfar injunan jirgin ƙasa, ka yi wa foman ɗinmu wannan tambaya, da ka share wata guda a cikin rami kana kwasar toka kafin a sake barin ka ka taɓa shebur. Amma tunda ka tambaya, kuma ɗan gida ne kai, zan amsa maka sau ɗaya.

Yadda ake jera itace, da yadda ake naɗe tsumma a kan shebur a kunna, da duba ruwa a gilashin da ke nuna matakinsa kafin a kawo ashana kusa, ba zan ɓata tawada a kansu ba. Wanda bai san waɗannan ba, ba shi da abin yi a rumfar injuna. Abin da ba ka sani ba yana cikin tukunyar da ke dafa tururin injin. Akwatin wuta na ciki jan ƙarfe ne, na waje baƙin ƙarfe ne, ruwa yana tsakaninsu, sannan sandunan riƙo ɗaruruwa ne suka ɗaure su da juna don kada matsin tururi ya buɗe su. Jan ƙarfe idan ya ji zafi yana miƙewa kusan ninki ɗaya da rabi na abin da baƙin ƙarfe ke yi. To ka zo da asuba cikin sanyin Ingila, ka balbale wuta. Na ciki ya yi zafi ya miƙe, na waje yana nan a sandare da ruwan sanyi a jikinsa. Wa zai sha wahalar wannan jayayya? Sandunan nan, da bakin bututun hayaƙi inda aka matse su a jikin farantin. Kuma ruwan tukunya ba ya zagayawa sosai sai ya fara tafasa, don haka sama na iya ƙona maka hannu alhali ƙasa, wajen gindin akwatin, sanyi ƙalau. Kakarka ba ta taɓa ɗora sabuwar tukunyar ƙasa a kan wuta mai ruri ba, sai ta fara gasa ta a hankali. Wutar jajibere ke nan. Ta kwana tana ɗumama ƙarfe da ruwa gaba ɗaya, da safe ka ɗora a kai.

Wannan awa ukun da ka gani a bidiyo, ni na ga abin da take haifarwa, kuma har yau idan na tuna sai abinci ya fita raina.

Akwai wani inji da muka yi shekaru muna gyaran tukunyarsa, ni da wani dattijon Bature wanda ya yi aikin tukunya tun zamanin da jiragen kwal ke jan fasinja a ƙasar nan. Ba ya yawan magana, ni ma haka, shi ya sa muka shaƙu. Shi yana ciki da guduma, ni ina waje ina tokare masa, mu musanya idan kafaɗa ta gaji. Sandunan riƙon bangon hagu kusan duka da hannunmu muka ɗaura su, a rumfar da ba ta da abin ɗumama ɗaki, hunturu bayan hunturu. Ranar da mai duba tukunya na kamfanin inshora ya sa hannu, mutumin nan da ban taɓa ganin haƙoransa ba ya rungume ni. Ka san takardar izinin aiki da tukunya shekara 10 ce, bayan haka sai an sake kwance ta gaba ɗaya, kuma babban gyara na babban inji yana cin dubban ɗaruruwan fam. Don haka kowace shekara a cikin goman nan dukiya ce. Lokacin da abin ya faru, namu yana da saura shekara huɗu.

Sai ga wani mutum ya zo haya. Mai shirya fina-finan talla ne, yana son jirgi da taragai uku da tasha, ranar aiki a cikin Fabrairu, lokacin da ba ma ɗaukar fasinja. Aka yi yarjejeniya a rubuce, ƙarfe biyu na rana, ya ajiye kafin alƙalami. Irin wannan haya ita ke sayen kwal na bazara, kowa ya yi murna. Da ma ƙarfe biyun ma an tsara ne a kunna ƙaramar wuta da dare. Ana gobe, da magariba, ya kira mai kula da zirga-zirga a waya ya ce ya canza shawara, hasken safiya yake so, ƙarfe takwas jirgi ya kasance a tasha yana huci, zai ninka kuɗin. A baki, ka ji, a waya. Ni ina wani gari wajen jana'izar wani ɗan'uwanmu, Baturen nan kuma yana kwance a asibiti. Wanda ya kamata ya zo kunna wutar dare bai zo ba, ba a kuma nemi wani ba. Mai kula da zirga-zirgar, mutumin kirki ne amma a ofis ya yi rayuwarsa, ya ji an ce ninki sai ya amsa.

Samari biyu irinka suka zo da asuba. Ruwan da ke cikin tukunya ya yi kwanaki a sanyi, ƙanƙara na kwance a kan dogo. Suka cika akwati da katakon fale-fale, suka watsa masa gas, suka jawo bututun iska daga kwamfuresa suka zura a bakin hayaƙi don ya ja wutar. Kafin takwas allurar ma'aunin matsin tururi ta hau. Suna ta ɗaukar hoton allurar suna aika wa abokai. Da rana mai hayar ya sa su gaba, yanzu a tsaya, yanzu a taso da ƙarfi don hayaƙi ya turnuƙe, a koma baya a sake, ƙofar wuta a buɗe don kyamara ta ga ja, iska mai sanyi tana dukan farantin bututu kai tsaye. Da yamma, sun gaji suna son tafiya gida, suka zubar da wutar gaba ɗaya, suka ɗura ruwan sanyi har gilashi ya cika, suka bar ƙofofin iska na ƙasa a buɗe. Tukunyar da ta haura shekara 70 a duniya, aka zafafa ta da gudu aka sanyaya ta da gudu a yini ɗaya.

Da na dawo na leƙa akwatin da tocila, ban ce wa kowa komai ba, na fita na zauna a kan silifa, wato gungumen da ake shimfiɗa dogo a kansa. Bakin bututu na zubar da hawaye layi-layi. Da muka bi bango da guduma, sanduna karyayyu a jere a kusurwar sama. Wannan duk mai sauƙi ne, da mun gyara. Abin da ya kashe mu shi ne tsaga a farantin jan ƙarfen, daga ramin bututu zuwa ramin bututu. Mai duba tukunya ya zo ya gani, ya ce ba za a sake kunna mata wuta ba sai an sauke ta daga kan firam. Ban ga laifinsa ba, ni ma abin da zan ce ke nan.

Muka aika wa mai hayar takardar kuɗi. Ya ce bai san da maganar ninki ba, a nuna masa inda ya sa hannu. Sauran kuɗin da ke rubuce ma ya ce ba zai biya ba, wai tururin da ke tsiyaya ta ƙasan injin da yamma ya ɓata masa hotuna, wai mun ba shi inji mai ciwo. Tururin da shi ya jawo! Kafin lauyan da ke taimaka mana kyauta ya gama rubuta wasiƙa ta biyu, mutumin ya rufe kamfanin ya buɗe wani da sabon suna. Tallan kuwa ya fita, na gan shi da idona a talabijin, ga injinmu yana tahowa cikin hasken safiya, farantinsa a tsage a ciki. Bazarar nan sai hayar inji muka yi daga wani layin, muna biya a kan kowace ranar da aka kunna shi, kuɗin da aka tara don canza silifofin wata kwana ya tafi a nan. Abokina ya fito daga asibiti, ya zo ya shiga akwatin da ƙyar, ya shafa tsagar da yatsa ya fito. Bai sake ganin injin nan da wuta ba, ya rasu injin yana kwance a rumfa an lulluɓe shi da tamfol. Samarin biyun fa? Kafin shekara ta zagayo sun daina zuwa, sun samu wani abin sha'awar. Ban yafe wa mai hayar ba, kuma ban ɓoye ba a taron shekara.

Yanzu maganar cewa ba a biyan ku. Wa ake biya? Ni ake biya? Tun 1951, lokacin da wasu mutane suka karɓi ɗan siririn layin Talyllyn a Wales don kada a rufe shi, wanda shi ne na farko a duniya da 'yan sa kai suka ceto, da gumin kyauta ake wannan aiki. Hukumar jiragen Birtaniya ta kashe wutar injunan kwal a 1968. Da yawa daga cikin manyan injunan da kake gani a layukan nan daga bolar ƙarafa ta garin Barry a Wales aka jawo su, guda 213, wasu bishiya ta tsiro a jikinsu, mutane masu aikin yi da iyali suka ba da Asabar da Lahadinsu shekara da shekaru har suka tashi. Ba kanti ake zuwa a sayo tukunya ba. Mu a Najeriya ina namu suke? Injunan da na goge da hannuna ina yaro, masu sunayen koguna, masu cin kwal ɗin Inugu, da suka ja gyaɗa da auduga daga Kano zuwa teku, an bar yawancinsu tsatsa ta cinye, 'yan gwangwan suka ƙarasa. Shi ya sa idan na ga yaro Bahaushe ya shigo rumfar nan nake matsa masa fiye da kowa. Ina son a samu ko mutum ɗaya namu da hannunsa ya san aikin.

Amma ku yaran yanzu kujerar direba kuke hange tun ranar farko. Mil 25 a awa shi ne iyakar gudunmu a layin nan, tuƙin ba shi ne wahala ba. Tsarin bai canza ba: mai goge inji, sannan fayaman mai zuba kwal a wuta, sannan direba, kuma tsakanin kowane mataki shekaru ne da jarrabawa. Wanda bai kwanta a ƙarƙashin inji mai ya ɗiga masa a ido ba, ban yarda ya riƙe rayukan taragai shida na mata da yara ba. Ga shi kwal ɗin ma ya canza. Tun da aka rufe mahaƙar Ffos-y-fran a 2023, kwal ɗin Wales mai tsabta da muka saba da shi ya yanke, sai na ƙetare da dunƙulallen na masana'anta, kowace mota da halinta. Wani yana kamawa da wuri, wani yana narkewa ya toshe ƙarafan murhu. Bidiyo ba zai koya maka wannan ba, sai ka tsaya gaban wutar ka kalli launinta.

Tun bayan abin nan muka kafa doka biyu, kuma ni na tsaya kai da fata har aka rubuta su. Mai haya ya biya duka kafin a kunna ashana, canjin lokaci kuma a rubuce. Sannan ba mai kula da zirga-zirga, ba shugaban ƙungiya, ba wanda ya isa ya ba da umarnin tayar da tururi a tukunya mai sanyi. Idan wani ya matsa maka, ko wane ne shi, ka ajiye shebur ka kira ni, ko da ƙarfe uku na dare ne.

Da yamma kuma kada ka zubar da wuta don kana sauri. Ka cika ruwa tun wutar tana da rai, kaɗan-kaɗan, ka bar ta ta mutu da kanta, ka rufe ƙofofin iska da ƙofar wuta, ka ɗora murfi a bakin hayaƙi. Wanke tukunya na gaba zan shiga da kai cikin akwatin in nuna maka gwajin guduma. Ka bar abin nan da kake toshe kunne da shi a gida, domin da kunne ake gane sandar da ta karye: mai lafiya tana amsawa da ƙara, karyayyiya kuwa sai ka ji ta dum.