Cire maus ɗin ka sa a aljihu

Kai Sani, wai tambayarka ita ce me ya sa na dawo maka da aikin shafin intanet na jiya alhali kowane madanni yana aiki in an danna da maus. To wa ya gaya maka kowa ke riƙe maus? Makaho ba ya ganin kibiyar, mai karkarwar hannu ba ya iya saita ta. Da kibod suke aiki: da Tab suke tafiya, da Enter da Space suke dannawa. Wannan ko wanda ya fara koyo jiya ya sani, ba zan ɓata yawuna a kai ba.

Zauna ka ji abin da ya same ni. Wata ƙungiya ce a Sabon Gari ta ba ni aikin shafin rajistar tallafi. Wata biyu ina kai, man janareta daga aljihuna. Ana gab da gamawa sai ɗan shugaban, wanda ya yi kwas ɗin sati uku, ya ce zoben nan da ke zagaye madanni in Tab ya iso kansa muni gare shi, a cire. Na ce masa da zoben nan mai kibod ke gane inda yake. Ya ce kuɗin ubansa ne. Da hannuna na rubuta outline: none, umarnin da ke cire zoben. Ya kuma kwaso wani akwatin sanarwa mai walƙiya daga intanet, na liƙa ban gwada ba. Nan kam laifina ne.

Ranar nunawa, masu ba da tallafin suka zo da wani malami makaho daga Samaru, da kwamfutarsa mai NVDA, manhajar nan ta kyauta mai karanta allo. Ya cike suna, ya cike unguwa, sai akwatin ya faɗo. Ya danna Escape, shiru. Ya danna Tab ya fi sau ashirin, muryar tana ta maimaita abu ɗaya. Madannin rufewar ashe div ne, wato fili kawai a shafi ba madanni na gaske ba, aka yi wa kwalliya, Tab ba ya ma tsayawa a kai. Malamin ya ɗago kai, cikin sanyin murya ya ce, "Injiniya, an kulle ni a ɗaki." Zufa har cikin takalmina.

Alhajin, shugaban ƙungiyar, ya ce ni na ba su kunya, ya riƙe cikon kuɗina. Na yi sawu har na gaji. Ka san wa aka ba gyaran? Ɗan nasa. Har yau in na bi layin nan kau da kai nake.

Saboda haka madanni button ne, ba div ba. In dole ta sa ka yi da div, sa masa tabindex="0" don Tab ya tsaya a kai, da role="button" don manhajar karatu ta san madanni ne, ka kama Enter da Space da kanka. Kada in ƙara ganin tabindex da ya wuce sifili, yana hargitsa jeri. Akwati in ya buɗe, kai mutum ciki, Escape ya rufe, ka mayar da shi kan madannin da ya buɗe shi. Batun aiki da kibod da kada a kulle mutum yana nan a WCAG, ƙa'idojin sauƙaƙa wa masu nakasa shafukan intanet, 2.1.1 da 2.1.2, amma ku yaran yanzu ba karatu, sai kwafe-kwafe daga YouTube. Tun 2019 Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, ku kuna TikTok.

Zare maus ɗin nan, ka bi shafin tun daga sama har madannin Aika. Kafin la'asar nake son gani.