Amsa ga Ɗana Mai Shirin Gwajin Tuƙin Jirgin Soja

Ɗana, saƙonka ya iso ni bayan la'asar, na karanta shi har sau biyu. Ka ce: "Baba, saura wata uku a yi mana gwajin tantance waɗanda za su koyi tuƙin jirgi. Na tara tsofaffin tambayoyi ina haddacewa dare da rana, amma hankalina ya ƙi kwanciya. Me ya rage in yi?"

Gara da bai kwanta ba. Hadda ta yi maka rana a baya, ita ta ba ka kiredit ɗinka, ta tsallakar da kai JAMB har ka taka Afaka, makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA. Amma a wannan gwajin ƙarfinta kaɗan ne. Abin da ake son gani shi ne yadda kanka ke aiki idan abu uku suka taso maka a lokaci ɗaya, agogo kuma yana tafiya. Kowace awa a sama kuɗi ce mai yawa, rai kuma ba shi da safaya, shi ya sa ake tankaɗe da rairaya tun a ƙasa, kafin a damƙa maka jirgin koyo Super Mushshak a makarantar 401 ta Kaduna, balle L-39 a 403 ta Kano. Ba mu kaɗai ke haka ba. A Cranwell, kwalejin sojin saman Ingila, yaro kan yi kusan wuni guda a gaban kwamfuta, sanda a hannu, ƙafa a kan feda. Jarrabawar AFOQT ta sojin saman Amurka tana da sashen karanta agogunan jirgi da na ƙirga tubala da aka jera a hoto. A Indiya ma sau ɗaya ake yi wa mutum gwajin a rayuwarsa, in ya faɗi shi ke nan. Sunaye sun bambanta, abin da ake nema ɗaya ne.

Ka taɓa tsayawa wajen 'yan canji a Wapa? Dubi mutum yana ƙirga kuɗi da yatsu, waya maƙale a kunne, ga wani yana tambayarsa farashin riyal, ya ba shi amsa ƙirgen bai ɓace masa ba. Irin wannan kan nake so ka gina, kuma da lissafin ka za ka fara.

A sama muna auna nisa da mil ɗin teku, wato kilomita 1.852, gudu kuma da not, mil ɗin teku ɗaya a awa. Abin da zai cece ka shi ne ka riƙa mayar da komai zuwa minti. Raba gudun da 60: not 120 mil 2 ne a minti, 180 mil 3, 240 mil 4, 420 mil 7. Waɗannan su zauna maka kamar sunanka. To a ce kana gudun not 240, saura mil 90 ka isa: minti 22 da rabi. Jirgin yana shan kilo 600 na mai a awa, wato kilo 10 a minti, ke nan kilo 225 za ka ƙona. In za ka sauko ƙafa 9,000, ka ba kowace ƙafa dubu mil 3, sai ka fara gangarowa tun saura mil 27. Duk wannan ba biro, ba takarda, kuma kada ya wuce daƙiƙa goma. In ka shiga motar Zariya daga Kaduna, kusan kilomita 80, leƙa allurar gudun direba ka faɗa wa kanka lokacin isa. Ya rage gudu, ka sake lissafi. Minti ashirin kullum ya fi maka awa biyar ranar Lahadi, don kai ma kamar damtse yake, da maimaici yake ƙarfi.

Sai kamfas. Arewa 360, gabas 090, kudu 180, yamma 270. Kishiyar kowace fuska kuwa, ƙara 200 ka cire 20, in lambar babba ce ka cire 200 ka ƙara 20. Kishiyar 060 ita ce 240, shi ya sa babban titin jirgi na filin Malam Aminu Kano ake ce masa 06 ta wannan baki, 24 ta wancan. Kana da wata gata da ɗalibin Cranwell ba shi da ita: sau biyar a rana kana fuskantar alƙibla, wadda daga Kaduna ko Kano take tsakanin digiri 65 da 70. Da ka sallame, tambayi kanka ina arewa take, ƙofar masallacin wace lamba take kallo, in ka fita ka juya dama wace fuska ka nufa.

Yanzu ga wurin da na fi so ka daɗe. A gaban matuƙi akwai agogo shida na asali, amma sarkinsu shi ne mai nuna zaman jirgi: rabinsa shuɗi, sama ke nan, rabinsa ruwan ƙasa, ga ɗan hoton jirgi a tsakiya. Ɗan jirgin ba ya motsi, layin da ya raba launukan ne ke karkata, kuma nan yara ke rikicewa, su ga layi ya kwanta hagu su ce jirgi ya yi hagu. Rabu da layin. Duba wane fiffike ne ya nutse cikin launin ƙasa, can jirgin ya karkata. Tsakiyar hoton in tana cikin shuɗi, hanci ya ɗaga. Za a haɗa maka wannan agogo da kamfas, a jera maka hotunan jirgi huɗu a ce zaɓi wanda ya dace. Ka yanka jirgi da kwali, ka riƙe a hannu, abokinka ya ce "yamma, hawa, karkata dama", kai kuma ka juya shi nan take. Bayan mako biyu ka ajiye kwalin, ka riƙa juya shi a cikin kanka.

Dalilin da na matsa a kan wannan agogo, na gani da idona. Wata rana cikin Janairu, hazo ya rufe Kano har ba ka bambanta sama da ƙasa, ina bayan wani ɗalibi mai ƙoƙari ƙwarai. Jirgi ya fara kwantawa dama a hankali, digiri 5, 10, har 20, allurar tsayi tana zarewa, shi kuwa zaune daram. Na ce masa, "Duba agogonka." Ya ce, "Yallaɓai, a miƙe muke, jikina ya ba ni." Ba ƙarya ya yi ba. Ruwan da ke cikin kunne ba ya jin karkatar da ba ta kai kamar digiri 2 a daƙiƙa ba, kuma in ka daɗe kana juyi ɗaya sai ya lafa, ya ce maka komai daidai. Da na miƙe jirgin, sai ya ji kamar mun kifa hagu, na ga kafaɗarsa tana jinginuwa gefe. Ya cije ya bi agogo, muka sauka lafiya, daga baya ma ya zama malami. Mai gwaji yana neman yaron da zai gaskata abin da ya karanta ko da jikinsa na musu.

Sashen sanda da feda kuwa, kada ka shaƙe sandar kamar tabarya. Yatsu uku sun isa. Wanda ya damƙe ta da ƙarfi, ɗigon ya ɗan kauce sai ya fizgo, ya wuce wancan gefe, ya sake fizgowa, haka za su yi ta kai da kawowa har lokaci ya ƙare. Gyara kaɗan, jira ka ga sakamako, sannan ka ƙara. Ido kuma kada ya kafe wuri ɗaya, ya riƙa zagayawa yana dawowa tsakiya. Wasan tuƙin jirgi na kwamfuta zai taimaka in ka samu, musamman in wani yana karanto maka lambobi kana haɗawa a lokaci guda.

Ka sa a ranka tun yanzu cewa za ka yi kuskure. An gina gwajin ne ya yi ta ƙara nauyi har ya fi ƙarfin kowa, don a ga me za ka yi bayan abu ya suɓuce maka. Na ga yara masu kaifin basira sun ɓata tambaya ɗaya, hankalinsu ya tsaya a kanta, biyar na gaba suka wuce su. Wadda ta zube ta zube, kai dai kama ta gaba. A sama ma haka muke yi: fara riƙe jirgi, sannan ka san inda ka dosa, magana da hasumiyar filin jirgi ta zo daga baya.

Batun likita ba zan ja shi ba. Za a duba ido, kunne, jini da fitsari. Akwai littafin ɗigo-ɗigo masu launi da likitan Japan Ishihara ya fitar a 1917, wasu na haddace lambobinsa don su ɓoye matsalar ganin launi. Kada ka soma. Fitilar fiffiken hagu ja ce, ta dama kore, da su za ka gane cikin dare ko jirgi tahowa yake ko tafiya. Ka rage cusa abin sauraro a kunne da ƙara, ka nisanci duk wata ƙwaya ta hana barci, daren gwaji kuma ka rufe littafi bayan isha'i.

In an ba ku hutu ka biyo ta gida da jirgin kwalinka. Zan riƙe agogo, in jefo maka tambaya talatin, mahaifiyarku kuma ta kunna rediyo a kusa da kai. Ka gaida abokan karatunka. Allah ya ba da sa'a.