Motar mutum biyu, wa za ka ɗauka?

Ɗana, saƙonka ya iso. Ƙanenka ya karanta mini bayan sallar isha'i, ya kuma nuna mini hoton motar a waya. Mutanen gida duk lafiya, an gama yankan gero, wake ne ya rage a gona. Innarka tana gaishe ka, ta ce a tambaye ka ko ba a gama ƙera motar ba ne aka ɗauki hotonta, don ita ba ta ga rufi ba.

Ka ce kai da abokanka masu son mota kuna jiran sabuwar Mazda MX-5 da za a fito da ita, kowa yana lissafin ko ita zai saya nan gaba, kai har ka fara tunanin sayar da taka. Sannan ka tambaye ni ko a al'adarmu laifi ne magidanci ya sayi mota mai kujera biyu tak, ya shigo gari da ita ranar Sallah. Na yi dariya har da tari. Da na kwanta kuma barci bai zo da wuri ba.

Laifi dai ban taɓa jin Liman ya ambata a huɗuba ba. Kuma kada ka ɗauka tsufa ya sa ban san abin da ke jan ranku ba. Ni da na fara daga karen mota har na riƙe sitiyari tsakanin Kano da Gumel da Maigatari, na san mota mara nauyi daɗin tuƙi gare ta. Ba ta buƙatar ƙaton inji, ba ta cin taya, ba ta wahalar da birki, in ka karya kwana tana bin hannunka ba gardama. Abin da ka rubuto na ji shi sarai: tun 1989 mutanen Japan suke ƙera ta a Hiroshima, a 2016 suka cika guda miliyan ɗaya, wadda ke kasuwa yanzu nauyinta bai wuce tan ɗaya da kaɗan ba, kuma masu ƙerawar sun ce suna so sabuwar ta fi haka rashin nauyi, a bar mata giyar hannu. Wannan na giyar hannu ya yi mini. Sai dai abin da ba a fito da shi ba, ba a san kuɗinsa ba, ba wanda ya taka shi a kan gargada, ku kuma har kun fara musun kala. Iyayenmu suna kiran wannan cinikin biri a sama.

Bari in ba ka labarin mota ta farko da ta kwana a ƙofar gidanmu.

A 1975 ne, shekarar da ma'aikata suka sami ƙarin albashin nan da ake kira kuɗin Udoji. Kowa ya ruɗe, malamin makaranta ya sayi babur, masinja ya sayi rediyo da keke. Yayanmu, babban wan babanka, Allah ya jiƙansa, yana aikin gona na gwamnati a Kano, lokacin ba a yi Jigawa ba, duk Kano muke. Ya haɗa nasa da bashin mota ya ɗauko Boksuwaja, mai dunƙulen bayan nan. A shekarar ne aka fara haɗa ta a Legas, Fijo kuma a Kaduna. Mu direbobi Fijo muke girmamawa, amma kuɗinsa Boksuwaja ya kai.

Babbar Sallar shekarar cikin hunturu ta faɗo. Ranar jajibere da la'asar sai ga yaro a guje, wai wata mota ta kafe a ƙoramar yamma da gari, kuma mai ita yana kama da yaya. Ka san wurin, inda yanzu aka yi kwalbati. A lokacin rairayi ne zalla, ko jaki sai ya yi nishi kafin ya haye. Muka ruga. Muka tarar da yaya cikin farar babbar riga, gumi ya jiƙa shi duk da sanyin, yana ta ba ta wuta tana ƙara nitsewa har cikinta ya zauna a ƙasa. Na ce ya kashe. A wurin nan na taɓa ganin babbar mota ɗauke da gyaɗa ta kwana tana jiran a sauke kaya a haƙa mata hanya. Wannan kuwa samari muka zagaye ta, muka kama bamba da gefe, aka yi kabbara, muka ɗaga bayanta muka ajiye a kan karan dawa da aka shimfiɗa. Tura ɗaya ta fita. Ka ga ni ba zan zagi mota don ba ta da nauyi ba.

Da aka iso ƙofar gida mata suka fito da ruwa a tulu, wai a ba ta ta sha, don sun saba ganin direbobi suna zuba wa mota ruwa. Yaya ya ce ita ba ta shan ruwa, iska ce ke sanyaya injinta. Wani dattijo maƙwabcinmu bai yarda ba, ya sa aka buɗe gaba ya gani da idonsa. Aka buɗe, sai ga goro da gishiri da turmin atamfa. Ya dafe kai ya ce innalillahi, injin ya faɗi a ƙorama. Sai da aka zagaya da shi baya aka nuna masa, kuma har ya rasu bai daina cewa motar a juye aka ƙera ta ba.

Kakanka bai ce komai ba. Ya zagaya ta a hankali, ya ƙirga ƙofa, biyu. Ya sa hannu a kanta ya yi addu'a, aka shafa, aka raba goro. Wannan kam al'ada ce, ka riƙe ta ko keke ka saya: abin hawa sabo iyaye ake fara kai wa su sa albarka kafin a kai shi wurin abokai.

Da safe yaya ya buɗe wa Baba gaba, don gaban mota na babba ne. Ƙannen Baba biyu suka tattare riguna suka kutsa baya, sai da aka kwantar da kujerar gaba tukuna. Ba a yi nisa ba suka cim ma malamin da ya koya wa Baba karatun allo, tsoho tukuf, jikansa yana ja masa sanda. Baba ya ce a tsaya. Ya fita, ya kama hannun malamin ya zaunar da shi a mazauninsa, ya rufe ƙofa, ya ce su tafi. Shi ya taka da ƙafa zuwa idi ranar da ɗansa ya kawo mota. Ni ina bayansa da buzu a kafaɗa, raina a ɓace, shi kuwa yana ta gaisawa da mutane kamar an ba shi sarauta. Yaya yana sauke su ya juyo, don Baba ya aika masa cewa akwai gurgu a bakin kasuwa. Daga nan akwai wani tsoho. Daga nan wani. Da ƙyar ya sami sahun ƙarshe, rigar Sallarsa duk ƙura.

Da daddare yana ƙorafi a zaure, wai ya zo Sallah an mai da shi direban haya. Baba ya ce masa, "Makulli ne naka. Mota in ta shigo gari, ta gari ce." Kafin damina ta faɗi, motar nan ta kai goggonka asibiti a Gumel cikin dare tana naƙuda, ta kai amare, ta raka gawa.

To kai taka kujera ɗaya ce ta rage bayan ta direba. Ka iso ƙofar gida ranar idi, ga babanka, ga ni, ga Liman in ka ci karo da shi. Wa za ka ɗauka, wa za ka bari yana kallon ƙurarka? In matarka ce a ciki tun daga birni, a ina za ka sauke ta? Ba wanda zai ce maka uffan, mutanenmu ba sa faɗa a ido. Za a yi maka barka, a shafa fenti, yara su ɗauki hoto. Bayan ka tafi a zauna a gindin darbejiya a ce wane ya sayi motar kada-a-roƙe-ni.

Ka rubuto cewa masu ƙera ta burinsu direba da mota su zama ɗaya kamar mahayi da dokinsa. Magana ce mai kyau, kuma mu ba baƙinta ba ne, je ka kalli hawan Sallah a Gumel ka gani. Doki ma mutum ɗaya yake ɗauka, ba wanda ya taɓa cewa laifi ne. Amma kakanka yakan ce doki na mai jaki ne. Ba a ɗaure doki a gidan da ba abin da zai ɗauko ruwa da taki da amfanin gona. Kuma mahayi in ya hango wanda ya girme shi a ƙasa, sauka yake yi ya ja linzami har su wuce juna. Yaran yanzu kuwa gilashi suke ɗagewa. Wani ya wuce ni kwanan baya ina dawowa daga ta'aziyya, ɗan da aka raɗa wa suna a gabana, ya danna mini ham ya ɗaga yatsa biyu. Kujerar baya ba kowa a kai. Ban ce kai haka kake ba, amma abota tana shafar mutum, kuma ban ji ko ɗaya cikin abokan nan naka ya tambayi wa zai hau ba, sai gudu nawa take yi.

Sauran magana ta direba ce, ba ta baffa ba. Motar nan cikinta a ƙasa yake, tsakaninta da hanya bai kai taƙi ɗaya ba. Daga Kano zuwa Gujungu zuwa Gumel za ka ji daɗinka. Kana sauka daga kwalta ka shiga burtalinmu, tudun rairayin da amalanke ke bari a tsakiya shi zai fara gaishe ta. But ɗinta ba zai ci buhun gero ba, ta yanzu ma ba ta zuwa da safaya, kuma masu facinmu ba su ajiye irin tayarta. Rufin yadi ne, ka buɗe a hunturu ka iso fari fat, ka buɗe a bazara rana ta gasa maka ƙeya. Kafin ka ba kowa kuɗi, ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ka tambayi masu kayan gyara ko suna da nata, ka ga yadda za su dube ka. In kuma daga waje za a kawo maka, ka tabbata sitiyarinta a hagu yake, irin wadda ake kai wa Amurka. Ta cikin Japan a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka sauya hannu. Sannan sabon ƙira ba a rububinsa a shekarar farko, a bar masu gaggawa su fara gano inda yake ciwo. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Kada dai ka sayar da wadda ke hannunka kafin mu zauna da babanka. Sallar nan ka taho da ita, ka zo da wuri kafin jajibere. Akwai buhu biyu na gero da za ka kai wa goggonka a Kano, kuma ɗan maƙwabcinmu zai bi ka, an ce ya koma a duba masa ƙafar da ya karye. Ka taho mini da man zafi irin na wancan karon, gwiwar ta sake tashi.